Motar Cha'ibu Mai Tafiya da Baya

A Matameye, in ka bar tasha ka bi hanyar da ta nufi Ɗan Barto, akwai wata rumfar kwano inda ake facin taya da ɗaure birkin keke. Mai rumfar sunansa Cha'ibu, amma ya fi so a ce masa Anjiniyar. Shi ya raɗa wa kansa sunan, tun da ya yi wata huɗu a wani garaji a Damagaram. Waɗanda suka gan shi can sun ce aikinsa riƙe tocila ne, amma Cha'ibu ya ce ai mai riƙe tocila ya fi kowa ganin cikin inji.

Babu injin da bai sani ba. In jirgin sama ya wuce, sai ya ɗaga kai ya saurara, ya girgiza kai ya ce, "Bujinsa guda, mai ba inji wuta, ya mutu." Ba a taɓa samun wanda ya hau ya duba ba, don haka maganarsa ta zauna.

Jikin rumfarsa akwai ta Marwan mai haɗa ƙarfe da wuta, sa'ansa ne, tare suka tashi. Marwan ba ya son yawan magana. In ya ce abu sau ɗaya, to ya gama, sai dai ka tuna da shi daga baya.

Wata safiya wani direba mai zuwa Kano ya ajiye wa Cha'ibu kwali. Bai buɗe shi a rumfa ba, sai da ya kai shi teburin Mahaman mai shayi inda jama'a suka fi yawa. Ya fiddo wani farantin ƙarfe, da fuli biyu, wato faya-fayan ƙarfe masu kwari a gefe, ƙarami da babba, da baƙar kurwa biyu irin ta roba da ke juya inji.

"Wannan sunansa bariyatar," in ji shi. "Ƙaramin nan a bakin inji ake ɗaura shi. Babban nan shi ke jan sarƙa. Kurwa ta haɗa su. In inji ya ɗauki gudu, ƙaramin ya matse, babban ya buɗe, sauri ya ƙaru da kansa. Ba bitas, wato ba canjin giya, ba komai. Zan ɗora shi a amalanke in yi mota. Daga yau rake ya daina jiran sa da jaki. Daga garka zuwa kasuwa kafin shayi ya huce."

"To injin fa?" in ji Mahaman.

"Inji ba matsala ba ne."

Gaskiya ya faɗa, domin matarsa Salamatu tana da injin markaɗe a ƙofar gida, wanda unguwar duka ke kai wa wake da tattasai da gyaɗa. Kuma a ranar ta tafi Dawce bikin ƙanwarta, ta ce sai bayan kwana huɗu. Cha'ibu ya lissafa: kwana biyu na haɗawa, kwana ɗaya na nuna wa duniya, na huɗu ya mai da inji wurinsa ya goge shi da tsumma. Motar da Salamatu ta shiga ba ta kai ƙarshen gari ba ya fara kwance noti.

Ya samo tsohon amalanke mai taya biyu, ya samo gaban wani mataccen moto, wato babur, da tayarsa da abin tuƙinsa. Marwan ya haɗa su, ya liƙa haƙoran sarƙa a tayar dama kamar yadda Anjiniyar ya umarta. Shi kuwa Cha'ibu ya ɗauko fenti ya rubuta a gefe da manyan baƙaƙe: GABA DAI GABA DAI.

Sai da aka zo ɗora inji aka ga bakinsa hagu yake kallo, haƙoran sarƙa kuwa suna dama.

Marwan ya duba nan, ya duba can, ya ce, "Bari in cire haƙoran in mai da su tayar hagu. Aikin rabin yini ne."

"Rabin yini? Kai Marwan, shi ya sa har yanzu ƙyauren ƙofa kake haɗawa. Ai juya injin za a yi, ya kalli dama. Minti biyar."

"Inji hannu ɗaya yake juyawa. In ka juya masa fuska, tayar ma baya za ta yi."

Cha'ibu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya juya wajen masu kallo. "Kun ji? Inji ya san gabas da yamma ne? Alƙibla gare shi?"

Marwan ya tattara kayan aikinsa. Ya koma rumfarsa, ya jawo kujerarsa ciki sosai.

Washegari da hantsi aka gama. Cha'ibu ya sa aka share hanya daga gaban rumfa har tasha. Ya kori awaki, ya sa mai mangwaro ya matsa da tirensa, ya ce kada kowa ya tsaya a gaba. Jama'a suka bi umarni, suka taru a baya wajen teburin shayi inda babu haɗari. Ya naɗe igiya a kan inji ya ja, ya hau ya zauna, ya gyara hula, ya ɗaga ƙarfen wuta.

Motar ta yi tunani kaɗan, sannan ta tafi da ƙarfinta, da baya.

Benci ne ya fara tafiya, da mutum uku a kai. Daga nan tebur, da gwangwanayen madara, da tiren ƙwai. Butar shayi ta tashi sama ta sauka a kan rumfar Marwan. Motar ba ta tsaya ba sai da ta jingina da katanga, injin ya yi tari ya mutu.

Cha'ibu ya sauko, ya kakkaɓe riga, ya zagaya ya dubi taya.

"Madalla," in ji shi. "Baya tana aiki. Ita na fara gwadawa. Duk direban kirki da baya yake farawa."

Mahaman yana tsaye da marfin buta a hannu, gwaiduwar ƙwai na bin ƙafarsa. "To yaushe za a gwada gaba, Anjiniyar? Don in dawo da tebur nan gabanka, in huta."

Washegari tun da safe mata suka fara zuwa ƙofar gida da kwanoni. Cha'ibu ya ce musu inji ya tafi ganin likita. Duk suka juya ban da Iya Najaha mai ƙosai, tsohuwar da ta fi shekara talatin tana tuya a bakin tasha. Ta bi shi har rumfa da ƙwaryar jiƙaƙƙen wake a ka. Ta tsaya ta ƙura wa amalanken ido.

"Ɗan nan, wannan ba injin Salamatu ba ne?"

"Ƙaninsa ne, Iya. Kamfani ɗaya."

"Har da tabon manja a tankin, kamfani ɗaya?"

"Haka suke fitowa."

Ta sauke ƙwarya ta zauna a inuwa, ta ce tun da wake ya riga ya jiƙu ba inda za shi, za ta ga ƙarshen abin.

Cha'ibu ya kwana da tunani, kuma ya gano laifin. Ba na inji ba ne, balle nasa. Bariyatar ne aka haɗo a juye daga masana'anta. Tun da an juya inji, dole a juya bariyatar, juyi biyu kuwa ai daidai ke nan. Ya kwance fulin biyu ya kife su, cikinsu ya koma waje. Ya ɗauki kurwa zai sa.

Marwan ya leƙo. "Kurwar nan gefe ɗaya miƙaƙƙe ne, ɗaya a karkace. Miƙaƙƙen shi ke kallon inji. Yana cikin takardar da ta zo a kwalin, har da hoto."

"Wanda ya rubuta takardar nan ya taɓa zuwa Matameye?"

"Ban sani ba."

"To."

Wannan karon jama'a sun yi wayo, suka tsaya a gefe. Mahaman ya ɗauke teburinsa ya kai tsallaken titi. Cha'ibu ya ja igiya, ya hau, ya ɗaga ƙarfen wuta. Aka ji ƙara kamar ana yanka akuya da dakusasshiyar wuƙa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen roba ya cika unguwa. Daga cikin hayaƙin motar ta fito a hankali, cikin natsuwa, da baya. Ta yi taku biyar ta tsaya. Abin da ya rage na kurwa ya zubo ƙasa sala-sala kamar kilishi.

"Kurwa ta ƙone," in ji Marwan.

Iya Najaha ta dafe ƙirji. "Kurwar wa?"

"Ta inji, Iya."

"Inji ma yana da kurwa? La'ilaha illallahu! To wane maye ne ya kama ta?"

"Ga shi nan yana tari."

Cha'ibu ya gama tarinsa, ya share ido, ya ce an samu ci gaba, tun da jiya da gudu ta yi baya, yau kuwa a hankali. In aka bi wannan lissafi, gobe za ta tsaya cik, jibi ta fara gaba.

Amma jibi Salamatu za ta dawo, kurwa kuma saura ɗaya. Ya mai da fuli yadda suke, ya sa kurwar yadda takarda ta ce, ba tare da ya bari an ga yana duba takardar ba. Sai wata dabara ta zo masa: ashe igiyar tada inji ce ake naɗewa hannu ɗaya kullum. Ya naɗe ta ta ɗaya hannun, ya tofa yawu a tafi, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Injin ya yi atishawa guda, ya fizge igiyar, ya fizgo mai igiyar, ya zaunar da shi cikin ƙwaryar waken Iya Najaha.

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi waken. "To, an dai markaɗa," in ji ta. Ta tashi ta tafi neman mai waya.

Da rana Marwan ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya don kada a ji. "Cha'ibu, bari in mai da haƙoran nan hagu. Kafin magariba an gama. Ba wanda zan gaya wa."

Cha'ibu ya so ya yarda. Har ya buɗe baki. Sai ya hango mutum kusan goma a tsallaken titi suna kurɓar shayi suna kallonsa.

"Marwan," ya ce da ƙarfi, "mene ne gaba, mene ne baya? Inda mutum ya fuskanta ai nan ne gabansa. Tun da ta ƙi juyowa, ni zan juya."

Ya kwance bencin zama daga gaba ya kai shi can wutsiyar amalanke, ya ɗaure shi yana kallon waje. Abin tuƙi ya zama yana bayansa, don haka ya ɗaura masa igiya biyu, dama da hagu, kamar linzami, suka biyo ta gefe har hannunsa. Ya ɗaura ta uku a ƙarfen wuta, ya maƙala ta a babban yatsan ƙafarsa. Birki kuwa wani katako ne da ke danne taya in an taka.

"Igiyar wutar nan tana ja," in ji Marwan. "Wa zai tura?"

"Tura me?"

"Ba komai."

A daidai lokacin Alhaji Idrisa mai garkar rake ya zo karɓar kekensa da aka yi wa faci. Yana cikin damuwa: an sare rake an ɗaure, gobe kasuwa, san da ke jan amalankensa kuwa ya gurɗe a ƙafa. Cha'ibu ya ce Allah ne ya kawo shi. Zai kai masa raken kasuwa kyauta, don sunan Alhaji ya shiga tarihi.

Alhaji ya zagaya motar sau biyu. "Ɗan nan, ina gabanta?"

"Duk inda Alhaji yake so."

Kalmar kyauta ce ta ci Alhaji. Amma ya ce shi rakensa ba ya tafiya ba da shi ba, a kan kaya zai zauna.

Ranar kasuwa da sassafe aka tura motar har garka, domin Anjiniyar ya ce ba ya son ɓata mai. Ya cika tanki har yana zuba. Aka loda dami goma sha biyu, Alhaji ya hau can ƙololuwa da babbar riga da laima, ya fuskanci inda yake zaton gaba ne. Cha'ibu ya tada inji, ya zauna a wutsiya, ya yi bisimilla, ya motsa yatsan ƙafa.

Abin mamaki, ta tafi. Cikin yashi da nauyin kaya, a hankali take jan jiki kamar tsohuwar saniya. Hanya miƙaƙƙiya ce, babu kwana. Alhaji dai ya ga garkarsa tana nisa da shi yana kallonta, ya ce, "Ɗan nan, tafiya muke ko dawowa?" Cha'ibu ya ce sabon tsari ne, fasinja na gadin baya.

Masu tafiya kasuwa suka riƙa tsayawa suna kallo. Mutanen Dungu da ke kan jakuna suka kauce suna salati. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Anjiniyar, a gaishe ka!" Zuciyar Cha'ibu ta yi fari fes. Da suka hau jar hanya mai tauri a bakin kasuwa, ya ga taron da bai taɓa samu ba a rayuwarsa, ya ga Marwan da Mahaman a ciki, sai ya ja yatsan ƙafa har ƙarshe.

Nan bariyatar ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Ƙaramin ya matse, babban ya buɗe.

Laimar Alhaji ce ta fara sauka. Cha'ibu ya saki yatsa, igiya ta yi sako-sako, ƙarfen wuta ya zauna inda aka kai shi. Ya taka birki. Katakon an yi shi ne don tayar da ke juyawa gaba, sai tayar ta ɗaga shi ta jefar cikin masu sayar da tabarmi. Ga layin masu albasa a gabansa. Ya ja igiyar hagu don ya kauce, wutsiyar motar ta karkata dama. Ya ja ta dama, ta yi hagu.

"Ku kauce! Gwaji ne!" yake ihu. "Kowa ya tsaya inda yake! A'a, ku kauce!"

Buhunan albasa suka fashe, albasa ta bi kasuwa tana gangara. Akurkin kaji ya buɗe. Wata rumfar zana ta bi motar taku ashirin kafin ta haƙura. Wani mai sayar da huluna ya ɗaga tirensa sama, motar ta wuce, ya sauke ya tarar da ƙarin hula guda, ta Alhaji.

Cha'ibu ya haɗa igiya biyu ya ja gaba ɗaya. Ta hagu ta tsinke. Abin tuƙi ya kifa gefe ɗaya ya maƙale. Motar ta daina yawo, ta kama zagaye wata ƙatuwar tsamiya da ke tsakiyar fili.

A gindin tsamiyar akwai wanzami da mutumin da yake yi wa aski, an yi rabin kai. Suka dubi hagu, suka dubi dama, suka ga ba mafita. Wanzamin ya ce, "Sunkuya," ya ci gaba da aikinsa.

Kasuwa ta watse, ta sake haɗuwa a da'ira. Duk zagaye sai rake ya zame ya faɗo, duk raken da ya faɗo sai kaya su rage nauyi, gudu ya ƙaru. Mutane suka fara tsinta. Ba a jima ba kowa na tsaye da guntun rake a baki yana kallo.

"Ku ajiye mini rakena!" in ji Alhaji, yana rungume da dami. Motar ta tafi da shi bayan tsamiya, ta dawo da shi. "Kai mai jar hula, na gan ka!" Ta sake tafiya, ta sake dawowa. "Ɗan nan, tsai da ita! Na yafe kyautar!"

"Alhaji, kwantar da hankalinka, inji ne ke sabawa da hanya!"

"Kashe shi mana!" in ji Mahaman daga gefe.

Makashin yana can ƙasa kusa da sarƙa, inda hannun mai son yatsunsa ba ya zuwa. Cha'ibu ya ce, "Ba a kashe sabon inji da zafi!"

Wani dattijo ya ce a bar ta, mai zai ƙare.

"Ya cika tanki," in ji Marwan, yana ɓare rake da haƙori. "Za ta kai la'asar."

Da jin haka masu tallar ruwa da fura suka matso.

Ana cikin haka wata motar kasuwa ta sauke mutanen Dawce. Cikinsu akwai Salamatu, da lalle a hannu da ƙullin kayan biki a ka. Saƙon Iya Najaha ya same ta tun jiya, ta baro bikin ba a gama ba. Ba ta tambayi kowa hanya ba, ƙarar injinta ta bi. Jama'a suka buɗa mata, ta zo gaba ta sauke ƙulli, ta tsaya.

Motar ta zagayo.

"Baban Anisa," in ji ta, "injin wa ke nan?"

Cha'ibu ya gan ta. Tsamiya ta ɓoye shi, ta fito da shi.

"A'a, sannu da dawowa!"

Ya tafi, ya dawo.

"Ya hanya?"

"Na ce injin wa ke nan?"

Ya tafi, ya dawo.

"Ya mutanen Dawce? An ɗaura lafiya?"

Salamatu ta sunkuya ta zaɓi rake dogo miƙaƙƙe. Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ta bar motar ta wuce sau ɗaya tana auna ta da ido, kamar mai jiran kaza ta fito daga akurki. Cha'ibu ya ga raken, ya sunkuyar da kai ya rufe ido. A zagaye na biyu ta miƙa hannu ta ɗan taɓa hular buji, wato fulogi, da bakin raken. Hular ta fita. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru.

Motar ta gangara kaɗan, ta hau saiwar tsamiya, ta karkata a hankali, ta sauke Alhaji a ƙasa a zaune da sauran dami ɗaya a hannu.

Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai taunar rake.

Cha'ibu ya buɗe ido, ya sauko, ya gyara wuyan riga. "Daidai inda na yi niyyar tsayawa," in ji shi. Ya ɗaga ƙafa zai nufi Alhaji, ƙafafunsa suka ƙi yarda an daina zagaye. Ya yi rabin da'ira shi kaɗai, ya kwanta cikin albasa.

Alhaji Idrisa ya daɗe a zaune. Da ƙasa ta daina juya masa, ya dubi jama'a, ya dubi tarin tukar rake a gabansu. "Shekara arba'in ina kawo rake kasuwar nan," in ji shi, "ban taɓa ganin ya ƙare da wuri haka ba. Kuma ban sayar da ko ɗaya ba."

"Amma akwai zaƙi, Alhaji," in ji wani.

Masu albasa da masu kaji da mai rumfar zana suka kewaye Cha'ibu, kowa da maganarsa. Sai da sarkin kasuwa ya zo ya ce a bar shi ya tsince albasa ɗaya ɗaya, ya kamo kaji, ya tada rumfa, sauran magana a yi ta gobe a gaban manya. Salamatu kuwa ta nufi motar. Ta ari kile, wato sifana, wajen Marwan, ta kwance notin inji huɗu da hannunta, ta sa aka ɗora shi a amalanken wani mai sa.

A gida Marwan ya duba ya ce bakin injin ya ɗan ci, sai an kai shi wajen mai gyara, kwana biyu. Ga shi gobe suna a gidan Iya Najaha, jikarta ta haihu, kuma tun kafin la'asar kwanoni suka yi layi a ƙofar gida: tattasai, attaruhu, albasa, wake.

Salamatu ta dubi kwanonin, ta dubi mijinta da ya dawo yana warin albasa da gashin kaza a wuya. Ta shiga ciki ta mirgino babban turmi, ba ta tsaya da shi a tsakar gida ba sai da ta kai shi bakin titi. Ta dawo ta ɗauko taɓarya ta miƙa masa.

"Salamatu, a nan? Mutane na wucewa."

"Ai kana son jama'a, Baban Anisa."

Mata suka shimfiɗa tabarma suka zauna. Mahaman ya matso da teburinsa. Cha'ibu ya naɗe hannun riga ya fara da attaruhu. Kafin kwano na biyu hawaye na zuba, hanci na zuba, taɓarya na sauka a gefen turmi sau ɗaya cikin uku. Ya ce wa masu wucewa bincike yake yi.

A kwano na huɗu ya tsaya yana haki. Ya ɗaga taɓaryar, ya duba wannan kai, ya duba wancan, ya auna ta a tafin hannu.

"Na gano matsalar," in ji shi. "Shi ya sa daka ke ba ku wahala tun zamanin kakanni. A juye kuke riƙe ta. Juya ta ya kamata a yi."

Iya Najaha ta tura masa ƙwaryar wake da ƙafa.

"Juya ta, Anjiniyar," in ji ta. "Wannan kam ko ta ina ka juya ta, ƙasa za ta."